Filin Tambayi Likita: Na yi wa Umma tafinta, likita ta ce fassarata ba abin dogaro ba ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Likita. Ni haifaffiyar Makka ce, a Misfala muke zaune. Mahaifiyata ta haura shekara sittin, haihuwarta tara, kuma kusan shekara biyu ke nan bayan gida yana kufce mata, musamman in cikinta ya saki. Ta daina zuwa Harami, ta daina zuwa biki da suna, kullum da ƙunzugu take wuni. Da ƙyar na lallashe ta muka je asibiti. Likitar ta ba mu wata takarda mai tambaya biyar da Larabci, ni na riƙa juya wa Umma da Hausa ina cikewa. Maki 3 ta samu. Bayan likitar ta duba Umma sai ta ce wannan lamba ba ta yi kama da abin da ta gani ba, wai fassarar baki ba abin dogaro ba ce, har ta ce Turkawa ma sai da suka yi bincike kafin su yarda da tasu fassarar. Raina ya ɓaci. Hausa a nono na sha ta, Larabci da shi na yi makaranta. Ina laifina? Daga 'yarki a Misfala.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika iya fitar da Hajiya daga ɗaki, don wannan lalura mata da yawa da ita suke shiga kabari ba su faɗa wa kowa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, likitar nan ba ta zalunce ki ba. Ba Hausarki ta raina ba.

Daga yadda kika kwatanta, takardar ita ce wadda muke kira ma'aunin Wexner. Wasu likitocin tiyata biyu, Jorge da Wexner, su suka fitar da ita a 1993 daga Filorida ta Amurka. Tana tambayar sau nawa kashi mai tauri yake kufcewa, sau nawa mai ruwa, sau nawa tusa, sau nawa ake sa ƙunzugu, sannan sau nawa abin yake hana mutum harkokinsa. Kowace tambaya daga 0 zuwa 4 ce, jimla daga 0 zuwa 20. Kuma kowace lamba da iyakarta: 1 shi ne bai kai sau ɗaya a wata ba, 2 shi ne a kan yi a wata amma ba kowane mako ba, 3 kowane mako, 4 kullum.

To yi lissafi da abin da kika rubuto min da hannunki. Ƙunzugu kullum, 4. Barin Harami da barin shiga mutane gaba ɗaya, wani 4 ɗin. Mun kai 8 ba mu ma taɓa maganar kashin ba. Ina sauran makin suka maƙale? Tsakanin bakinki da kunnen Umma. Na san yadda aka yi kamar ina wurin. Ba za ki iya duban tsabar idon wadda ta haife ki ki ce mata "sau nawa kashi yake zubo miki" ba. Cewa kika yi, "Umma, abin yana damunki sosai?" ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Jefi-jefi dai, alhamdulillahi." Sai kika sa 1. Jefi-jefin dattijuwar Bahaushiya kuwa zai iya zama sau uku a yini.

Takardar nan mudu ce. In kowa zai zo da nasa ƙoƙon ya ce shi ne mudu, ba a san abin da aka auna ba, kuma in Hajiya ta koma bayan wata uku ƙanwarki ta yi tafinta, ba wanda zai iya cewa magani ya yi aiki ko kuwa bakin mai fassara ne ya canza.

Shi ya sa Turkawan suka sha wahalar da aka ba ki labari. A 2011 wasu likitocin mata a Istanbul suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa fassarar wannan ma'auni zuwa Turkanci. Hanyar da ake bi a irin wannan aiki sananniya ce. Mutum biyu su fassara, kowa shi kaɗai, a haɗa a daidaita. Sai a ba wani wanda bai taɓa ganin ta asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a ga ko ma'ana ta zame a hanya. Sai a karanta wa masu lalurar kansu a tambaye su abin da suka fahimta. Daga nan a ba mata da yawa su cike, a bar kamar mako biyu su sake cikewa. In ciwon bai canza ba amma maki ya yi tsalle, fassarar ce ke da matsala. A ƙarshe a duba ko tana iya bambanta mai lalura da lafiyayya.

Matakin karanta wa marasa lafiya shi na fi girmamawa, don ni ma na taɓa shan kunya a kansa. Farkon fara aikina a nan Jidda, wata tsohuwa 'yar Sakkwato ta zo, ina son in sakaya zance sai na ce, "Inna, kina fama da iska?" Ta zabura ta ce a'uzu billahi, ita danginsu kaf ba mai bori. Ni tusa nake nufi, ita aljanu ta ji. Ki lura, da an mayar da kalmata zuwa Larabci ko Turanci da ta wuce lafiya lau, iska dai iska ce. Kunnen Inna ne kaɗai ya kama kuskuren. Haka "bayan gida": wuri ne ko abin da ake yi a wurin? Haka tambayar ƙunzugu, in an ce audugar kanti, wadda take naɗe tsohon zane za ta ce ba ta sa komai.

Tambaya ta biyar kuma, wadda ta shafi harkokin yau da kullum, ga matanmu sai an ambaci alwala da salla da ɗawafi kafin su gane ana magana da su. Ma'aunin Wexner ma bai tambayi matsuwar da ba ta jira ba. Wanda asibitin St Mark's na Landan ya fitar a 1999 shi ya ƙara tambayar ko mutum zai iya riƙewa minti 15. Ki gaya wa likitar ko Hajiya tana iya riƙewa, ko da ba ta tambaya ba.

Ku koma. Amma wannan karon ki nemi wata sa'ar Hajiya, ƙawa ko ƙanwarta, ko ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa, ita ta yi tafinta, ke ki jira a waje. Kafin ranar, a yi mako biyu ana ƙirga: duk lokacin da abin ya faru ta jefa ƙwallon dabino a gwangwani, na ruwa daban, mai tauri daban. A faɗa wa likita yadda haihuwa taran nan suka kasance, ko an taɓa yagewa ko an yi ɗinki, ko an yi mata aikin basir, ko tana da ciwon suga, don duk suna iya raunana naman da ke tsuke dubura ko jijiyoyinsa. Da yawa gyaran abinci, maganin tsayar da gudawa da atisayen matse ƙasan mara suna kawo sauƙi tun ba a kai ga tiyata ba. Kada dai ku saya mata maganin gudawa da kanku, don wani yoyon taurin ciki ne ke haddasa shi, mai ruwa ya riƙa zagayowa ta gefen wanda ya toshe.

Maganar Harami kuma, ku tambayi malami hukuncin mai lalurar da ba ta yankewa, akwai rangwame a kan alwalarta. Ki gaida min Hajiya da jiki.