Tsagar fuskata da cibiyar jaririnka

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya same ni bayan la'asar, na bari sai da na yi isha'i gida ya yi tsit na zauna a kansa, don ba irin tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce cikin iyalinka ya shiga wata takwas, Allah ya raba lafiya. Ka ce gwaggonka ta fara shirin suna tun yanzu: tana son wanzami ya yi wa jaririn ko da bille ɗaya ne, kada a ce gidan Gobirawa ya haifi mai fuska sumul kamar baƙo, kuma ta ajiye tsumma da kaskon gashin cibiya. Sai ka haɗa da tambayar da ta ba ni dariya, wai me ya sa ƙujewar da ka yi ta yi a gwiwa wajen ƙwallo ta ɓace, amma tsagar da aka yi mini ina jinjiri tana nan shekara saba'in da ɗoriya.

Na san dalilin da ya sa ni ka tambaya. Ni na riƙe wa kakanka zabira ina yaro, kuma ni na share shekara talatin a ɗakin wankin ciwo na asibiti. Abin da hannun tsoho ya sani da abin da madubin likita ya nuna, duk a kan fata ɗaya ne.

Fata hawa biyu ce. In kana son ganinsu a rabe, leƙa wurin majema. Sukan jiƙa fatar akuya a ruwan toka su kankare gashi, kuma tare da gashin wani siririn hawa na sama yake tafiya, wanda a jikin mutum kaurinsa bai fi na takarda ba. Abin da ya rage, wanda ake jemewa da bagaruwa, shi ne hawan ƙasa, kuma shi ne fatar jar akuyar Sakkwato da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Saƙa ce ta wani zare mai suna kolajin, an sarƙa shi ta ko'ina kamar kwando, shi ya sa fata take miƙewa ta dawo. Hawan sama kuwa ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, kuma kullum sabunta shi ake yi: ƙwayoyin halittarsa na ƙasa suna rabuwa biyu, suna tura 'yan'uwansu sama, su bushe su zube. Furu-furun da hunturu yake yi maka a ƙauri, su ne. Cikin kamar wata guda an canza shi kaf. Ƙujewarka shi ta kwashe, ta ɗan lashi saman na ƙasa. Ƙwayoyin bakin ciwon, da waɗanda suke ɓoye a gindin kowane gashi, suka rarrafo suka haɗu a tsakiya, suka shimfiɗa irin abin da yake wurin da ma. Aska kuwa saƙar ƙasa ta tsinka, ita kuma jikin wanda aka riga aka haifa bai iya maimaita ta ba. Faci yake yi.

Da an yanka, jijiyoyi sukan tsuke, wasu 'yan gutsattsarin ƙwayoyi da suke yawo cikin jini su taru su toshe ɓular, wani zare mai danƙo ya ɗaure su, jini ya daskare. Cikin 'yan sa'o'i fararen ƙwayoyin jini na sahun farko sun iso suna cin ƙwayoyin cuta, su mutu a wurin. Mugunya yawancinta gawarsu ce. Kwana biyu zuwa uku sai manyansu su iso, waɗanda likitoci suke kira makurofej, ni nake kira sarakunan shara. Su suke haɗiye tarkacen da ya rage, kuma su suke aika kira ga masaƙa, wato ƙwayoyin da suke saƙa kolajin. Ja da kumburin kwanakin farko kai-komon ma'aikatan nan ne, muddin bai wuce kima ba. Masaƙan su zo su zuba sabon kolajin a gurguje, ƙananan jijiyoyi su tofo kamar saiwar gero bayan ruwan shuka, jan nama mai tsatsa-tsatsa ya cika ramin. In muka kwance bandeji muka ga wannan jan naman, hamdala muke yi. Wasu masaƙan su riƙiɗe su yi ƙarfi irin na tsoka, su kama gefe da gefe su ja, ciwon ya tsuke. Daga mako na uku a shiga warwarewa da sake saƙa, aikin da yake kai shekara ko fiye. Duk da haka zaren tabo a jere yake, ya fuskanci gefe guda. A mako na uku ƙarfinsa wajen kashi 20 ne cikin ɗari na fatar asali, kuma ko ya gama nuna, iyakarsa wajen kashi 80. Gashi ba ya fita a kansa, gumi ba ya tsattsafowa. In ka zo ka duba sajena, inda askar ta bi babu ko sili.

Kakanka bai taɓa jin kalmar kolajin ba, amma ya san yankan aska mai kaifi, in an bar bakinsa ya haɗu, zai warke ya bar ɗan zare da ba a gani sai an matso. Tsaga kuwa so ake a gane ta daga nesa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, don in yaƙi ya watsa gari ko an kama yaro an sayar, a san ɗan ina ne. Shi ya sa yake cusa baƙin tukunya cikin yankan. Baƙin yana hana gefen haɗuwa da wuri, yana tsawaita kumburin, sarakunan shara su yi ta kiran masaƙa, tabo ya yi faɗi. Su kuma su haɗiye baƙin su kasa narkar da shi, su zauna da shi a ciki. A 2018 masu bincike a Faransa suka nuna a jikin ɓeraye cewa in mai riƙe da launin ya mutu, sabo ne yake zuwa ya haɗiye abin da ya zubar, nan inda yake. Ka ga ke nan baƙin tukunyar mahaifiyarmu yana nan a kuncina ana ta gadonsa. Tsaga ciwo ne da aka hana shi warkewa da kyau da gangan, gwanintar wanzami kuwa sanin inda hanawar za ta tsaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki sai da na kusa ajiye aiki na karanta shi. Jaririn nan da kuke jira, 'yan watanni baya, ya iya abin da ni da kai ba mu iya ba. Yankan da aka yi wa ɗan tayi kafin wajen mako 24 yana warkewa ba tabo, saƙar kwando ta dawo, har gindin gashi. An zaci ruwan mahaifa ne yake yin haka, sai aka dasa fatar babbar tunkiya a jikin ɗan tayin tunkiya, aka yanke ta tana cikin ruwan, ta yi tabonta. Ashe sirrin a jikin fatar yake: kumburinta kaɗan ne, kuma cike take da wani abu mai yauƙi da yake ba ƙwayoyi hanyar zamewa. A 1992 Paul Martin da Julian Lewis, a Ingila, suka ji wa ɗan tayin kaza ciwo suka sa ido. Ƙwayoyin bakin ciwon ba su rarrafa irin namu ba. Kowace ta haɗa zaren cikinta da na maƙwabciyarta, suka yi igiya ɗaya kewaye da ramin, suka zuge shi kamar yadda kake zuge zariyar wando.

Ba baƙon aiki ba ne a wurinsu, don da irin wannan ɗinkin aka gina jikin tun farko. A mako na uku da shigar ciki, ɗan tayi faifai ne mai hawa uku. Hawan sama shi yake zama saman fata, kuma shi ɗin dai yake naɗewa kamar tabarma ya zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Bakin naɗin yana rufewa wajen kwana 28, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da cikin ba, shi ya sa ake son mace ta fara shan folik asid, bitamin da yake taimaka wa naɗin ya rufe, tun kafin ta ɗauka. Leɓen sama yanki-yanki ne da suka taho suka haɗe wajen mako na bakwai. 'Yar kwarin nan da take tsakanin hancinka da leɓenka, gefunanta ne mahaɗarsu. Shafa ka ji ko akwai tabo. Inda haɗuwar ta ƙi, sai a haifi yaro da tsagaggen leɓe, ba don wani laifi da uwar ta yi ba. Duk sanda na tuna wannan sai in koma Suratul Mu'minun, inda aka jero halittar mutum daki-daki, in yi shiru. Me ya sa baiwar take ɓace mana? A ganina, waje akwai ƙura da ƙuda, wanda ciwonsa ya daɗe a buɗe shi cuta take ci, sai jiki ya gwammace facin gaggawa da ɗinki mai kyau da zai ɗau lokaci.

Yanzu cibiya, tabon da ba wanda ya tsira daga gare shi. Igiyar tana da jijiyoyin jini uku, biyu masu fita daga jariri, ɗaya mai shigo masa, kuma ba ya jin zafin yanke ta. Guntun da ya rage matacce ne, zai bushe ya yi baƙi, fararen ƙwayoyin jini su yanke shi daga gindi ya faɗi, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba ya buƙatar gashi. Tsumma mai zafi yana ƙona fatar jinjiri, amma babban tsorona abin da ake shafawa ne: toka, ƙasa, kashin shanu. Ƙwayar sarƙe-haƙora tana iya kwanciya shekaru cikin ƙasa da kashin dabbobi, ba ta son iska, mataccen nama a rufe shi ne gidanta. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 14 kafin ta bayyana, yawanci wajen kwana bakwai. Lura da lissafin. Ƙanena, wanda yake tsakanina da mahaifinka, washegarin suna ya ƙi kama nono, bakinsa ya ƙulle, bayansa ya sandare ya lanƙwashe. Aka ce iska ce, aka ce maita, aka yi ta zargin wata baiwar Allah da ta zo barka. Gwaggonka tana da wayo lokacin, ta fi ni tunawa. Sai da na ga irinsa a jere a gadon asibiti na gane abin da ya zama ajalinsa.

Tun 2013 jiharmu ta Sakkwato ta fara raba man kulohezidin na shafa wa cibiya, ta riga sauran jihohi. Ka tabbata yana cikin kayan haihuwa, kuma iyalinka ta karɓi allurar sarƙe-haƙora a wurin awo, don ta igiyar nan kariyar take isa ga jariri. Man na cibiya ne kaɗai. Kada ya kusanci ido, an samu yaran da suka makance don an ɗauka maganin ido ne.

Kada ka zaci komai na tsofaffi nake zubarwa. Kaciya cikin hunturu da hikima: sanyin kansa ba ya gaggauta warkewa, amma gumi ya ragu, ga rumbu cike, ana yanka wa yaro kaza. Masaƙa ba sa saƙa da yunwa, suna son nama da ƙwai da wake da nono, da bitamin si na ɗiyan kuka da gwaiba da lemu, wanda in babu shi kolajin ba ya ƙwari. Zuma ma gaskiya ce, tana zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cuta. Inda suka kuskure shi ne cewa a bar ciwo ya sha iska ya yi ɓawo. George Winter ya gwada a jikin aladu a 1962, ya ga ciwon da aka rufe da danshinsa ya fi saurin yin sabuwar fata, don a busasshe sai ƙwayoyin sun yi gini ta ƙarƙashin ɓawon kafin su wuce.

Bille kuwa, amsata a'a ce. Masaƙan wasu mutane ba su san a daina ba, tabo ya yi ta tofowa ya wuce iyakar ciwon, ya zama ƙullutu mai ƙaiƙayi a kunne ko ƙirji ko muƙamuƙi. Ya fi yawa a baƙar fata, kuma ba ka sanin waye sai bayan an yanka. In kana son ganin ƙarfin jan tabo a fuska, asibitin yara masu cutar noma, wadda take cin naman fuska, yana nan cikin garin nan na Sakkwato, za ka ga waɗanda ciwon ya warke amma tabon ya ɗaure musu muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa sai da fiɗa. Ga aska ɗaya a jikin yara da yawa, hanyar ciwon hanta. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga, kuma tun kafin ita hadisi ya hana yin lalas a fuska, ko ta dabba ce. Yaƙin da ya sa aka yi mana ya wuce. Ni ba na jin kunyar tawa, har yau Yarbawan kasuwa da ita suke gane ni su fara tsokana, amma ko ɗaya cikin 'ya'yana ban bari an yi wa ba.

Kada ka ja da gwaggonka, ba bakinka ba ne. Ranar Juma'a in an sauko zan biya ta wurinta, in tuna mata da ƙanenmu. Wanzami kuwa ya zo ranar suna kamar yadda aka saba, ya yi aski da sabuwar reza da kai ka ɓare ta a gabansa, a ba shi tukuicinsa da kasonsa na nama cikakke, kada ya ji an rage masa komai. Ka tsaya a kansa har ya naɗe zabira, don in ka juya baya wata tsohuwa za ta ce ya leƙa beli. Ka gai da iyalin, ka ce Baffa yana mata sannu.