Amsoshin Tambayoyinku: A Tanadi Keji Kafin a Sayi Hawainiya

Tambayoyin wannan makon duk a kan kiwon hawainiya suke. Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita su.

Tambaya daga Kano: Wani yaro ya kawo mini hawainiya daga gona a cikin kwali, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Na kuma ga ana tallar ta Yaman a intanet da tsada. Wacce zan saya?

Malam, kada ka sayi ko ɗaya sai keji ya kammala, an sa tsirrai da rassa a ciki, an kuma gwada zafinsa na kwana uku. Yawancin hawainiyar da ke mutuwa a gida wurin zama ne ke kashe ta, ba nau'inta ba.

Wadda yaron ya kawo, akwai yiwuwar hawainiyar yankin Sahel ce, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, ko kuma ta Senegal, Chamaeleo senegalensis. Amfaninta shi ne ta san bazararmu da hunturunmu. Illarta kuwa, ta daji kusan kullum tana zuwa da tsutsar ciki, ta sha ƙishirwa a hannun masu kamu, kuma tsoron mutum kaɗai na iya hana ta cin abinci. Ta Yaman, mai doguwar hula a ka, asalinta duwatsun Yaman ne da kudu maso yammacin Saudiyya, kuma an daɗe ana hayayyafa ta a gidaje, shi ya sa ta fi jure keji. Namijinta na kai shekara 6 zuwa 8, macen 4 zuwa 6. Ta Madagaska mai launuka masu ɗaukar ido ta fi tsada, ta fi son danshi. Ta Kenya mai ƙaho uku kuwa 'yar tsaunuka ce mai son sanyi, zafin Kano zai gama da ita, ka manta da batunta. In daga waje za a shigo da dabbar, ka nemi takardar izini, domin waɗannan nau'o'in suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe.

Ko wacce ce, ka duba ta da rana. Idanu su kasance a buɗe, a cike, suna juyawa. Wadda ta rufe ido da rana ba barci take yi ba, ciwo ne. Ta damƙe reshe da ƙarfi, ƙafafunta a miƙe ba a lanƙwashe ba, bakinta ba kumburi ba majina. Ka sa mai sayarwa ya ba ta ƙwaro a gabanka, ka ga ta harba harshe ta kama. Kada ka ɗauki wadda ba ta kai wata uku ba. In ra'ayinmu kake so, sabon shiga ya fara da namijin ta Yaman da aka haifa a gida. Ta yaron nan, in ba rauni a jikinta, mayar da ita bishiyar da aka ɗauko ta ya fi.

Tambaya daga Kaduna: Ina da tsohon akwatin gilashi na kifi. Zai yi, ko sai na kira kafinta?

Kira kafinta. Akwatin kifi a kwance yake, ita kuwa hawainiya 'yar saman bishiya ce, tsawo take bukata. Gilashi yana riƙe zafi da iska mai danshi, daga nan ciwon huhu ke farawa: za ka ga tana buɗe baki, tana ɗaga kai sama, yawu mai kumfa na fita. Ga shi kuma tana ganin inuwarta a jikin gilashin, ta ɗauka abokiyar gaba ce, ta wuni a fusace.

Awon da za ka ba kafinta: faɗi santimita 60, zurfi 60, tsawo 120 ga babban namiji. Mace ko ƙaramar ta gida za ta zauna a 45 da 45 da 90, amma babban ya fi ko a gare ta. Katako ya zama busasshe, wanda ba a shafa masa baƙin mai ko maganin gara ba. A rufe gefe da sama da raga. A nan ake yawan yin kuskure: ragar taga ta ƙarfe mai ƙananan idanu tana cire mata farata in ta hau, kuma farcen da ya fita daga tushe ba ya dawowa. Raga mai rufin roba ta fi, mai idon da bai wuce rabin santimita ba, don ƙwari kada su tsere.

A ciki a ɗaure rassa a kwance, hawa uku ko huɗu, masu kaurin da ƙafarta za ta iya zagayewa. Na sama ya kasance santimita 20 zuwa 25 ƙasa da rufin. A sa tsirrai masu rai a tukwane har sai ka tsaya neman dabbar kafin ka gan ta. Fulawar nan mai yaɗo da ake kira pothos tana yi, haka hibiskus na ado. Tumfafiya da duk wani tsiro mai farin ƙaro mai guba kada su shiga, domin ta Yaman tana gutsurar ganye. Ƙasan kejin a bar shi fili da tire mai zarewa don ruwa. Kada a zuba yashi ko dusar katako, harshenta mai danƙo ne, zai kwaso su tare da ƙwaro su toshe mata hanji. A rufe bakin tukwanen da manyan duwatsu saboda wannan dalilin.

Ɗora kejin a kan tebur yadda reshen sama zai wuce kanka, hankalinta ya fi kwanciya in tana kallon mutane daga sama. A sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa saboda tururuwa da cinnaka. Ɗakin da ake fesa piya-piya ko ake kunna maganin sauro na hayaƙi ba ɗakin hawainiya ba ne.

Tambaya daga Sakkwato: An ce sai na sayi fitila iri biyu. Da zafin da muke da shi, ga ɗaukewar wuta, ba asarar kuɗi ba ce?

Rabinta asara ce, rabinta kuma rai ne. Fitilun biyu aikinsu daban. Ta farko ta ɗumi ce, farin ƙwan lantarki mai zafi da ke sa reshen sama ya kai digiri 29 zuwa 32, sauran kejin kuma 22 zuwa 27, da dare ya sauka ƙasa da haka. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, wannan fitilar ba ta da aiki, matsalarka sanyaya wuri ce. A lokacin ka kai kejin ɗaki mafi sanyi, ka rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe ɗaya, ka ƙara feshin ruwa. In ka ga ta yi fari fat, ta sauko ƙasa, baki a buɗe, zafi ya yi mata yawa. Da safiyar hunturu ne fitilar za ta yi amfani. A ɗora ta a wajen raga, domin hawainiya takan zauna ƙarƙashin zafi har bayanta ya ƙone ba ta matsa ba. Sayi ma'aunin zafi, kada ka auna da hannu.

Ta biyu ita ce ta UVB, wato wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani. Da wannan hasken fatarta ke haɗa bitamin D3, da shi kuma jiki ke tsotse kalsiyam. In babu shi ƙashi yana laushi: ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya zama kamar roba, harshe ya daina kai wa ƙwaro, ta riƙa faɗowa daga reshe. Ana iya tsayar da ciwon, amma ƙashin da ya karkace ba ya miƙewa. In a cikin ɗaki za ta zauna, nemi doguwar fitila samfurin T5 mai lamba 5.0 ko kashi 6 cikin ɗari, a kunna awa 12 a kashe awa 12, a sauya ta duk shekara ko da tana ci, don hasken UVB ɗin yana raguwa ido bai gani ba. Da dare duhu take so, ba jar fitila ba shuɗiya.

Sai dai ku Allah ya ba ku abin da masu kiwo a Turai ke saye da kuɗi. Awa ɗaya zuwa biyu na hantsi, kafin ƙarfe 10, mafi yawan ranakun mako, ya fi kowace fitila. A fitar da kejin ƙarƙashin darbejiya yadda rabi zai sha rana rabi inuwa, ita za ta zaɓa. Hasken da ya ratso gilashin taga bai ƙirgu ba, gilashi na tare UVB. Kada a bar ta ba kowa, akwai kyanwa da shaho.

Tambaya daga Zariya: Yara na kamo mata fara a gona. Ya isa?

Fara abinci ce mai kyau, gonar ce abin tambaya. In an yi feshi, farar da ta tsira tana ɗauke da maganin, kuma jikin hawainiya ƙarami ne. A kamo daga ciyawar da ka tabbata ba a fesa ba. Farar tumfafiya da duk wata mai launin ja da rawaya da baƙi mai wari, a bar su, gubar tsiron da suke ci tana jikinsu. Kyankyason banɗaki da ƙudan bola ma haka.

Abin da ya fi shi ne ka yi kiwon gyare a babban bokitin roba mai murfin raga, da kwalayen ƙwai a ciki don su ɓuya. Tsutsar baƙin ƙuda da masu kaji da kifi ke kiwo tana da kalsiyam sosai, in ka samu ka haɗa. Shinge na farkon damina marmari ne, mai ya yi masa yawa. Ƙwaro kada ya fi tazarar da ke tsakanin idanunta faɗi. 'Yar ƙarama tana cin 10 zuwa 12 kullum. Babba 3 zuwa 5, a tsallake kwana ɗaya. A ba ta da safe don ta narkar da shi da ɗumin rana, a kwashe wanda ya rage kafin dare, gyare yana cizonta in tana barci.

Abin da ƙwaron ya ci shi hawainiya ta ci. Kwana ɗaya kafin a miƙa shi, a ƙosar da shi da ganyen zogale, karas, kabewa ko gwanda. Sannan a sa ƙwarin a leda da ɗan garin kalsiyam marar D3, a girgiza ya ɗan kama jikinsu, ba a mayar da su kamar an tsoma a fulawa ba. Wannan kusan duk ciyarwa. In garin bai samu ba, a tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi ya yi laushi ƙwarai. Garin bitamin sau biyu a wata ya wadatar. Garin kalsiyam mai D3 ma sau biyu a wata ga ta cikin ɗaki, wadda ke shan hantsi kuwa ba ta bukatarsa, yawansa na lalata ƙoda.

Tambaya daga Maraɗi: Na ajiye mata ruwa a kwano, ban taɓa ganin ta sha ba.

Ba za ta sha ba, Hajiya. A daji raɓa da ɗigon ruwan sama take lasa a kan ganye. Ki sayi kwalbar feshi sabuwa, wadda ba ta taɓa ɗaukar magani ba, ki fesa ganyen minti 2 zuwa 3 da asuba da kuma bayan magariba, da hunturu ki ƙara na tsakar rana. Ki huda gindin robar ruwa da allura, ki ɗora a saman kejin ya riƙa ɗiga kan ganye, kusan ɗigo ɗaya a daƙiƙa. Tsakanin feshi da feshi kejin ya bushe.

Kashinta zai gaya miki gaskiya. Yana zuwa da baƙin ɓangare da fari. In farin ya zama ruwan lemo gaba ɗaya, ko idanu suka faɗa ciki, ƙishirwa ce. Haka in ta yi saɓa, tsohuwar fata ta maƙale a yatsu ko ƙarshen wutsiya, a ƙara danshi, kada a ɓare da hannu.

Tambaya daga Jos: Tawa mace ce, ba namiji tare da ita. Ta daina ci, ta kumbura, tana yawo a ƙasan keji. In kawo mata namiji ne?

A'a. Ƙwai ne, kuma macen hawainiya tana yin su ko ba namiji, kamar kaza. Ta Yaman na iya zuba 20 zuwa 70 a karo ɗaya. Wurin tono take nema. Sa mata bokiti mai zurfin santimita 30, cike da yashi wankakke da aka gauraya da ƙasa, mai danshin da in ka tona rami da hannu ba zai rufta ba, da reshe mai sauka cikinsa. Ka lulluɓe gefen kejin da zane, ka daina leƙe, domin in ta ga ido a kanta takan bar ramin ta riƙe ƙwan, riƙewar kuma tana kisa. Bayan ta binne ta hau sama, a ba ta ruwa sosai da ƙwari masu kalsiyam. In kwana biyu zuwa uku suka wuce tana tono ba ta zuba ba, ko ta rufe ido ta kwanta a ƙasa, sai likitan dabbobi a ranar. Nan gaba ka rage mata abinci, ka riƙe reshen ɗuminta a digiri 27 zuwa 29, yawan ci da zafi ne ke ƙara yawan ƙwan da ke cinye jikinta.

Batun aboki kuwa, hawainiya biyu ba sa zama keji ɗaya, ko hango juna bai kamata su yi ba. Wadda aka fi ƙarfi za ta yi duhu, ta daina ci. Sauyin launin nan da aka san ta da shi, yawancinsa maganar fushi ne da tsoro da zafi da sanyi. Ɗauka a hannu ma a rage, sai don duba lafiyarta, kuma a bar ta ta tako da kanta, kada a fizge ta daga reshe. Ba ta da dafi duk da abin da ake faɗa a gari, amma kamar sauran masu rarrafe tana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa, don haka a wanke hannu da sabulu, musamman yara. In za ka je wurin likitan, tafi da sabon kashinta a leda a duba tsutsa. Kada ka ɗura mata maganin tsutsar awaki da ka, ana auna maganinta ne da nauyinta a giram, kuma ivermectin da ake yi wa tumaki yana da haɗari ga wasu masu rarrafe, kunkuru ma kashe shi yake yi.