Me ya sa ake ɗora wa iskar kabon laifin ɗumamar yanayi?

Tambaya: Malam, tunda iskar kabon ta riga ɗan Adam zama a sararin samaniya, me ya sa sai yanzu ake ɗora mata laifi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne ta daɗe, kuma ba don ita da tururin ruwa suna riƙe zafin da ƙasa ke fitarwa ba, da ƙanƙara ta lulluɓe duniya. Abin damuwar shi ne yawanta da saurin ƙaruwarta. Kafin zamanin masana'antu, kimanin kashi 280 ce cikin miliyan na iska, amma yau ta haura 420, saboda ƙona kwal da fetur da gas da kuma sare dazuzzuka. Tun 1958 ake auna ta a tsaunin Mauna Loa na Hawai, kuma kowace shekara sama take yi.