Da me ake raba duwatsun sararin samaniya rukuni-rukuni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce wani dutse mai suna Afofis zai wuce dab da duniya a 2029, wai ɗan rukunin Aten ne. Mene ne wannan rukuni, kuma akwai haɗari? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. A wannan rabo ba girman dutse ake dubawa ba, hanyar da yake bi yana kewaya rana ake aunawa. Ma'aunin kuwa tazarar duniya da rana ce, kimanin kilomita miliyan 150, wadda masana ke kira AU.

Galibin duwatsun suna can tsakanin duniyoyin Mas da Jufita, tazarar AU 2.1 zuwa 3.3 daga rana. Akwai kuma 'yan Turojan da ke kan hanyar Jufita, ayari ɗaya digiri 60 a gabanta, ɗaya a bayanta.

Waɗanda tambayarki ta shafa su ne masu matsowa rana har ƙasa da AU 1.3, kuma kashi huɗu ne. 'Yan Amor suna raɓar hanyar duniya ta waje ba tare da sun ƙetara ba. 'Yan Atira suna ta cikin hanyar duniya gaba ɗaya. Masu ƙetarawa su ne Afolo da Aten: ɗan Afolo yakan fi shekara kafin ya gama zagaye ɗaya, ɗan Aten ba ya kaiwa shekara. Afofis kwana 324 yake yi.

Ƙetarawa dai ba karo ba ce, domin hanyoyin a karkace suke, wata sama wata ƙasa. Sai hanyar dutse ta kusanci tamu da kilomita miliyan 7.5, faɗinsa kuma ya kai mita 140, sannan ake sa shi cikin masu buƙatar sa ido.

Inda lissafi ke kuskurewa shi ne idan 'yan kwanaki kaɗan aka ga dutsen. A Disambar 2004 an ƙiyasta yiwuwar Afofis ya bugi duniya da kashi 2.7 cikin 100. Da aka samo tsofaffin hotunansa aka ƙara aunawa, sai fargabar ta kau. Wani dutse kuwa mai suna Hamis da aka gani a 1937 ɓacewa ya yi, sai 2003 aka sake gano shi.

Ki kwantar da hankali. Ranar 13 ga Afrilu 2029 Afofis zai wuce da tazarar kilomita 32,000, ƙarfin jan duniya ya faɗaɗa hanyarsa, ya fita daga Aten ya koma Afolo.