Dala 100,000 ta sayen gida: amsar Gwaggo daga Bronx, a birnin New York

Ɗana, na saurari saƙon muryarka har sau biyu, na kuma kalli bidiyon da ka turo na saurayin nan da ke tsaye a ƙofar wani gida yana cewa Amurka na raba wa masu ƙaramin ƙarfi dala 100,000 su sayi muhalli. Ka tambaye ni ko da zarar ka iso karatun digirinka na biyu za ka iya neman kuɗin ka huta da haya. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙarshen saƙon, inda ka ce har ka fara lallashin Yaya ya sayar da filinsa na bayan gari ya cika maka. Kada ya sayar. Bari ka ji dalili.

Saurayin bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. A nan ba a sayen gida kuɗi hannu sai mai hannu da shuni. Banki ke biya, kai kuma ka yi ta biyansa wata-wata, yawanci har shekara 30. Amma kafin banki ya saki ko sisi, sai ka ajiye kuɗi iri biyu daga aljihunka. Na farko shi ne kafin alƙalami. A bashin da hukumar FHA ta gwamnatin tarayya ke tsaya wa, kashi 3.5 cikin 100 na farashin gida ne, idan makinka na biyan bashi, wato lambar da bankuna ke auna amanarka wajen biya da ita, ya kai 580. Idan yana tsakanin 500 da 579, sai kashi 10. Na biyu kuwa, wanda ke shammatar mutanenmu, shi ne kuɗin kammala ciniki: ladan lauya, mai kimanta gida, inshorar takardun mallaka, harajin rajista, da caje-cajen banki. Wannan yakan ci kashi 2 zuwa 5. Ɗauki gidan dala 300,000. Kafin alƙalaminsa 10,500, kammala cinikinsa tsakanin 6,000 da 15,000. Ma'aikaciyar kula da tsofaffi irina, mai biyan haya tana kuma aika na cefane gida, sai ta shekara biyar ba ta tara wannan ba. Wannan giɓin tallafin ke cikewa, ba gidan yake saya maka ba.

Shirin da saurayin ke nufi sunansa HomeFirst, na birnin New York ne, ba na Amurka duka ba. A 2021 aka ɗaga shi daga dala 40,000 zuwa 100,000, kuma wannan adadi shi ne ƙololuwa, ba abin da kowa ke samu ba. A takarda sunansa rance marar ruwa, wanda ake yafewa idan ka cika sharaɗi. Sharaɗin shi ne zama. Wanda ya karɓi 40,000 ko ƙasa da haka sai ya zauna a gidan da kansa shekara 10, wanda ya karɓi fiye sai 15. Ka sayar ko ka tashi ka zuba 'yan haya kafin lokaci, bashi ya dawo wuyanka. Yanzu ka tambayi kanka, kai da ka ce shekara biyu za ka yi ka koma ka auri 'yar nan da ake ta maganarta, ina kai ina igiyar shekara 15? Kusan kowace jiha da manyan birane na da nasu shirin, wasu kyauta ce ƙarama, wasu rance ne da ke kwance sai ranar da ka sayar da gidan, amma yawanci da irin wannan igiya suke zuwa.

Akwai kuma iyakar samu. Shirye-shirye da yawa, irin su tsarin bashin gida na HomeReady da Home Possible masu karɓar kafin alƙalami kashi 3, suna so samunka kada ya wuce kashi 80 cikin 100 na matsakaicin samun yankin. Sai dai kuma dole ya kai yadda banki zai yarda za ka iya biya. Wato kada ka yi kuɗi da yawa, kada kuma ka yi talauci da yawa. Ƙofar ƙunci gare ta. Abu ɗaya mai sauƙi: a shirye-shiryen da aka keɓe wa "mai sayen farko", abin da suke nufi shi ne wanda bai mallaki gidan zama ba cikin shekara uku da suka wuce.

To kai ina ka tsaya a cikin wannan? Bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 a mako ta yarda ka yi aiki lokacin karatu, shi ma a cikin makaranta. Banki kuwa tarihin aikin shekara biyu yake nema, da takardun haraji. Sannan daga 25 ga Mayun 2025 FHA ta rufe ƙofarta ga baƙi masu izinin zama na wucin gadi, irin ɗalibai da masu bizar aiki. Kuma don Allah ranar ganawa a ofishin jakadanci kada bakinka ya kuskura ya ambaci sayen gida. Bizar ɗalibi ana ba wa wanda ya nuna zai koma ƙasarsa ne.

Bari in ba ka namu labarin, don a nan darasin yake. Kawunka ya yi shekaru yana tuƙin tasi, kuma kamar sauran abokan sana'arsa, idan lokacin haraji ya zo sai a zabtare kuɗin mai da gyara da komai har ribar ta koma 'yar mitsitsiya. Muna murna mun yi dabara. Ranar da muka zauna gaban ma'aikaciyar wani banki, ta buɗe takardun ta ce ai bisa abin da muka rubuta da hannunmu, samunmu bai isa ko ɗaki biyu ba. Me za mu ce? Sai da muka ƙara shekara biyu muna bayyana samunmu yadda yake, muna biyan harajin da ya fi na da ciwo.

Sai kuma maganar adashi. Mu matan Hausawa na nan, 'yan Kumasi da 'yan Damagaram da mu 'yan Kano, muna da zubinmu na wata-wata. Da kwasata ta zo na kai ta banki gaba ɗaya, ina ganin na kawo ƙarfi. Ashe na kawo tambaya. Suna duba bayanan asusunka na wata biyu, kuma duk wani kuɗi mai kauri da ya faɗo sai ka nuna asalinsa. Uwar adashinmu kuwa a ka take riƙe lissafi, amana ce kawai. Daga baya mai ba mu shawara ta nuna mana cewa ƙa'idojin FHA sun san da irin wannan tari na ƙungiya, matuƙar akwai rubutu: yaushe aka fara, su wa ke ciki, nawa kake zubawa, yaushe ka kwasa. Tun daga ranar muka saya wa uwar adashi littafi. Kuɗin filin Yaya ma da ya iso, haka za su tsare ka: takardar shaidar kyauta ce ba rance ba, da hanyar da ya bi tun daga asusun mai bayarwa. Wanda aka ba ɗan canji a Wapa wani ya miƙo maka a nan hannu da hannu ba shi da uwa ba shi da uba a idonsu.

Mai ba da shawarar nan ita ce abin da ya fi kuɗin amfani, a ganina. Shirye-shiryen na tilasta maka shiga ajin koyon sayen gida a wata cibiya da ma'aikatar gidaje ta HUD ta amince da ita. Na shiga ina ƙunƙuni, na fito na san cewa banki dole ya ba ni kiyasin caje-cajensa a rubuce cikin kwana uku na aiki bayan na nemi bashin, kuma a bashin FHA mai sayarwa na iya ɗaukar har kashi 6 na farashin a kuɗin kammala ciniki idan an yi ciniki da kyau. Duk wanda ya ce ka biya shi ya "shigar da sunanka" a tallafi, ɗan damfara ne.

Na san Yaya zai tambayi maganar ruwa. Tallafin ba ruwa a kansa, amma bashin da yake hawa a kai yana da shi. Akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF da ke yin tsarin haɗin gwiwa, ku mallaki gidan tare kana sayen kasonsu sannu a hankali. Sai dai ba kowane shirin tallafi ke aiki da su ba, don kowanne na da jerin masu ba da bashin da ya amince da su. Wannan tambaya ce ta ranar farko, ba ta ranar sa hannu ba, kuma malamai ma ba bakinsu ɗaya a kai ba.

Idan Allah ya kawo ka, ga abin da za ka yi a shekarar farko: ka buɗe asusu, ka biya hayarka ta banki ba da tsabar kuɗi ba, kada ka bar ko bil ɗin waya ya makara, ka cike takardun harajinka ko samun ya yi kaɗan. Ɗakin ɗan'uwanka na nan, ya tafi kwaleji, gadon babu kowa. Ka ce wa Yaya zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko. Ka taho mini da kuka da busasshiyar kuɓewa, ka bayyana su a filin jirgi. Kilishi kuwa ka cinye abinka a Kano, nama ba ya wucewa.