An ce a dasa wa yarona na'urar ji, dangi kuma sun ce in jira

Tambaya: Likita barka da aiki. Yarona shekararsa 2, sanƙarau ya kama shi wata 4 da suka wuce, ya warke amma ya daina ji gaba ɗaya, ko ƙofa aka buga ba ya waiwayowa. Mun gwada na'urar ƙara ji ba ta yi ba, yanzu an ce sai tiyata a dasa masa wata a ciki. Dangi na cewa in jira jin zai dawo, wani ma ya kawo maganin ɗigawa. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ba ƙwaƙwalwa ake taɓawa ba, bayan kunne ake yin aikin, a zura siririyar waya cikin katantanwar kunne, wato sashen can cikin kunne mai kama da katantanwa da ke karɓar sauti, ta riƙa kai saƙo ga jijiyar ji kai tsaye. Sai bayan sati 2 zuwa 4 ake kunna ta, kuma da farko sautin kamar rediyon da bai kama tasha ba ne, sai an daɗe ana koya masa saurare da magana. Yara da yawa da aka yi wa da wuri suna magana rangadau.

Tiyatar tana da nata matsalolin fa. Akwai jiri, ɗan ragowar jin da ke kunnen na iya tafiya, jefi-jefi akan taɓa jijiyar fuska, kuma haɗarin sanƙarau na ɗan ƙaruwa shi ya sa sai an yi rigakafi. Ga ɗawainiyar batir da gyara har abada.

To amma wannan maganar ta "a jira" ita ce ke ƙona min rai, kullum sai na ji ta. A jira me? Bayan sanƙarau katantanwar kan fara cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin 'yan watanni, in ta toshe kuwa wayar ba ta da hanyar shiga yadda ake so ko da wane gwani ne ya riƙe wuƙar. Ita ma ƙwaƙwalwa ba ta jira, an fi samun nasara kafin shekara 3 da rabi, yaron da ya haura 7 bai ji sauti ba abin ya yi wuya sosai. A Amurka tun 2020 aka yarda a yi wa jariri ɗan wata 9, mu kuma muna nan ana cewa ai kawunsa ma bai yi magana da wuri ba. Shi kuma mai maganin ɗigawa don Allah ya ji tsoron Allah, ɓarnar tana can ciki inda ɗigon nasa ba ya kaiwa, kuɗinku kawai zai ci ya cinye wa yaro lokaci.

Ki koma asibiti a satin nan a ɗauki hoton kunnen a ga ko ƙashin ya fara. Ku kuma fara yaren hannu a gida tun yanzu, ba ya hana magana, kuma duk sanda aka cire ɓangaren na'urar da ake maƙalawa a waje don barci ba zai ji komai ba, da shi za ku yi magana.