Ƙwayoyin halittar da ake sarrafawa daga fatar majiyyaci, da garin da ake sayar muku

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana fama da cutar Parkinson a nan Daura, karkarwar hannu ta tsananta, tafiya ma sai an riƙe shi. Na karanta cewa yanzu ana mayar da fatar majiyyaci ta zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Wani kuma ya kawo mana garin da yake kira "sitem sel", ya ce idan Baba ya sha zai daina maganin asibiti. Yayyena har sun fara maganar sayar da gona, ni kuwa hankalina ya kasa kwanciya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa, kuma don Allah a dakata da maganar gonar nan.

Abin da kika karanta gaskiya ne. A shekarar 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya nuna cewa ƙwayoyin gado guda huɗu sun isa su mayar da ƙwayar halittar da ta girma ta koma kamar ta ɗan tayi. A ɓera ya fara, ya yi da ƙwayoyin ɗan Adam a 2007, aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Ƙwayoyin halittar da aka mayar haka su ake kira ƙwayoyin iPS, wani nau'i ne na "sitem sel", wato ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki. Amfaninsu shi ne, tunda ba a yanko ƙwaƙwalwar mai rai don a duba, sai a ɗebi jininsa ko ɗan fatarsa, a sarrafa har a sami irin jijiyoyin da ke samar da dofamin (sinadarin ƙwaƙwalwa mai daidaita motsin jiki), waɗanda cutar ke kashewa, ɗauke da gadon mutumin kansa. A cikin faranti ake kallon yadda suke lalacewa, a kuma gwada magunguna a kansu. Hanyar tana da rauninta, domin sarrafawar tana goge alamun tsufa daga ƙwayar, alhali wannan ciwo yawanci na dattawa ne. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin samfuri daga mutanenmu, ga shi kuwa binciken da aka wallafa a 2023, wanda likitocin Najeriya suka taka rawa sosai a cikinsa, ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka.

Wannan duka bincike ne. Ko gwajin dashe da aka fara a Kyoto a 2018, mutum bakwai aka yi wa, da tiyata a ƙwaƙwalwa, da ƙwayoyin wani mai bayarwa da aka tantance, aka kuma yi shekara biyu ana bibiyarsu, saboda irin waɗannan ƙwayoyi suna iya rikiɗa su zama ƙari.

To ta yaya gari a ƙunshi zai yi wannan aiki? Rayayyiyar ƙwayar halitta ba ta zama a busasshen gari cikin zafin Katsina, kuma duk abin da aka haɗiya ciki zai narkar da shi kamar tuwo. Wasu masu tallar suna cewa daga tuffa aka samo nasu, to ƙwayar tsiro ba ta taɓa zama jijiyar mutum. Lambar NAFDAC da suke nunawa, ko da ta gaskiya ce, ba shaidar warkarwa ba ce. Kullum sai an kawo mana dattijon da aka raba da maganinsa, jiki ya sandare, haɗiya ta gagara, kuɗin gida sun ƙare, mai tallar kuma ya kashe wayarsa. Wanda ya ce a daina lebodofa, wato babban maganin Parkinson na asibiti, farat ɗaya yana wasa da rai ne, domin yankewar tana iya kawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewar da ke kisa. Duk mai cin dukiyar marar lafiya da ƙarya, ya sani akwai ranar da za a tambaye shi, ko da ya fara tallarsa da bisimilla.

Baba ya ci gaba da shan maganinsa a kan lokaci. Ku rubuta sa'o'in da jikinsa ke saki da waɗanda yake ƙagewa, ku kai wa likitansa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina domin a daidaita masa awo, ku nemi masu gashin ƙashi saboda tafiyar, kuma ku tafi da ƙunshin garin nan likita ya ga abin da aka rubuta a jikinsa.